Bijimin da Ke Kwance a Aboabo

Shekara tara ina gadin tankin gas a Aboabo.
Fari ne, kwance bisa ƙafafun siminti
kamar bijimin da ya ƙoshi.
Ba ya tuƙa, ba ya kaɗa wutsiya.
Kumasi na wucewa ta gabansa safe da yamma,
ba mai kallonsa sau biyu.

Ran da na kama aiki, Injiniya Boateng ya ce:
"Isaka, abin da ke ciki iska ce
aka matse ta har ta zama ruwa,
kuma ba ta yafe ba.
Kullum lalube take, tana neman ƙofa
ko da kafar allura ce.
Shi ya sa ba a cika shi fal,
a bar mata wurin miƙa in rana ta take.
In kuwa wuta ta lashi cikinsa daga waje,
ruwan ya tafasa, ƙarfen ya yi laushi..."
Bai ƙarasa ba.
Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwanon da ke bayan katanga,
na ga leɓensa yana ƙirgawa.

Daren wata Talata tanka ta iso daga Tema.
Fuseini ya ɗaura tiyo, ya koma gefe yana hamma.
Hancina ya riga kunnena:
ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai.
Sannan huci, siriri, irin na kasa in an taka ta.
Ƙanƙara ta fito a wuyan bawul,
a garin da zufa ba ta barin mutum barci.

Ba ta tashi sama kamar hayaƙi ba.
Rarrafe ta yi, fara, iya gwiwa,
ta sami kwata, ta bi gangare
kamar wadda aka yi wa kwatancen gida.
A ƙarshen kwatar nan Adiza ke gasa ayaba.

Ban kunna tocila ba.
Na ce, Fuseini, kada ka taɓa makulli, don girman Allah!
Na kama bawul da hannu tsirara, na murɗa.
Ashe sanyi ma yana ƙona mutum.

Na ɗauki bokitin alwalata na yi gudu,
gudun da na bari tun ina da baƙin gashi.
Wani yaro na shirin buga babur, na riƙe masa ƙafa.
Wani da sigari a baki, ashana a hannu,
na mare ta ta faɗi, ban san sunansa ba har yau.
Adiza na fifita garwashi, ja wur.
Ban yi sallama ba.
Na juye ruwan duka.

Toka ta tashi, ayaba ta jiƙe.
Ta kira ni da sunan da ba na maimaitawa.

'Yan kwana-kwana suka zo suka yi ta feshi har asuba.
Aka kira salla, aka buɗe shaguna,
yara suka wuce makaranta da farar safa.
Duk wanda ya tambaya, a ce masa:
ai ba abin da ya faru.

Ba abin da ya faru.
Na biya Adiza sidi arba'in kuɗin ayabarta,
ta karɓa ba ta dube ni ba.
Tafin hannuna ya saɓule, ya warke da tabo,
yatsu biyu ba sa jan carbi kamar da.

Ta koma wurinta, taku talatin daga katanga,
ta ce nan ne ciniki yake, kuma gaskiyarta.
Ni ma na koma kan bencina.
In dare ya raba nakan tashi in leƙa allurar ma'auni,
in durƙusa in shinshina bakin kwata,
in dafa cikin bijimin a hankali
in ce masa, kwanta, ɗan'uwa.
Gobe ma akwai makaranta.